Fatihar Da Na Ja Wa Mai Rai

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Wurno ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Na daina sa rigar da na sa ranar, na daina bin layin da zauren taron yake, har aikin ma na so bari. Duk a banza. Wani lokaci ina tsakiyar cin tuwo abin zai faɗo mini, sai in tsaya da loma a hannu. Matata ta dube ni ta ce, "Ka koma Wurno ke nan?" In ce mata, "Na koma."

Ni ɗan Rabah ne. Na karanta ilimin kwamfuta a Sakkwato, na dawo gida na zauna ina gyara wa mutane waya, har Allah ya sa wata ƙungiyar manoman rani ta yankinmu ta nemi wanda zai mayar mata da bayananta cikin kwamfuta. Ƙungiya ce babba, ta haɗa manoman Wurno da Rabah da Goronyo, mafi yawansu masu albasa. Babban aikinta rabon ruwa ne: wane fili za a buɗe wa ruwa yau, wane ne sai gobe. In filinka ya fito a jadawalin mako, mai tsaron ƙofar magudana ya sako maka. In bai fito ba, sai dai ka tsaya ka ga ruwa yana wucewa zuwa filin maƙwabci. Tun ranar da na kama aiki aka laƙaba mini Injiniya (ko akurkin kaji ban taɓa ginawa ba, amma ban hana kowa kira ba).

Manhajar da aka ba ni irin wadda ake zana tsarin bayanai ce da ita. Bari in yi bayani a sauƙaƙe, don ni ma a lokacin a sauƙaƙe na ɗauke ta. Kafin a zuba bayanai cikin kwamfuta sai an fara shata musu mazauni, kamar yadda magini yake shata ɗakuna a ƙasa kafin ya aza tubali. Sai ka ja akwati a fuskar kwamfuta ka sa masa suna Manomi, ka jera abin da zai ƙunsa: suna, sunan uba, gari, hoto, yana raye ko ya rasu. Ka ja wani ka kira shi Fili, wani Magudana, wani Ranar Ruwa. Daga nan ka haɗa su da layuka, kowane layi da maganar da yake faɗa. Wannan ya ce manomi ɗaya yana iya mallakar filaye da yawa, wancan ya ce kowane fili magudana ɗaya yake sha. In ka gama zane akwai madanni guda, da ka danna shi sai ta mayar da zanen nan rumbun bayanai na gaske, ba tare da ka rubuta komai da hannunka ba.

Ranar da na fara ganin haka sai da na miƙe tsaye ni kaɗai a ofis. Kuma ba shi ke nan ba. Tana duba zanenka ta nuna maka inda ka yi kuskure. Tana da wurin gwaji, inda za ka jarraba komai da bayanan wasa kafin ka taɓa na gaske. Tana ajiye tarihin duk wani gyara da aka yi, da sunan wanda ya yi shi, har kana iya komawa baya in ka ɓata. In kana son rahoto mai hotuna don nunawa a taro, ita za ta haɗa maka. Na kamu da sonta ƙwarai, har mahaifiyata ta fara tambaya ko wata na samu a Wurno da ba na dawowa gida da wuri.

To, ga inda ɓarna ta soma. Kowane akwati yana bukatar abin da ake kira mabuɗi, wato abin da zai bambanta wannan manomi da wancan ta yadda ba za a taɓa rikita su ba. Manhaja ta ba ni shawara in bar ta ta ba kowa lamba tasa shi kaɗai. Ni kuwa sai na ga lamba raini ce. Na juya na ce wa Malam Nasiru, sakataren ƙungiya, wanda muke zama ofis ɗaya da shi, "Mutum ba buhun taki ba ne da za a manna masa lamba. Sunansa da na ubansa sun isa." Malam Nasiru ya ce, "Kai ka san aikinka, Injiniya," ya ci gaba da abin da yake yi. Ni kuwa na ji daɗin maganata har na maimaita ta a majalisa da yamma.

Ka ji fa. Suna da sunan uba, a ƙasar Wurno, inda in ka tsaya bakin masallacin Juma'a ka kira Bello, rabin sahu zai waiwayo. Ni da na taso ajinmu na firamare akwai Bello dogo, Bello gajere, Bello na Inna, da wani da malami ya gaji ya bar shi a Bello kawai.

Manhajar ba ta yi shiru ba, wannan dole in faɗa. Wani rubutu mai launin ɗorawa ya fito, yana cewa mabuɗin da na zaɓa zai iya maimaituwa, mutum biyu suna iya zama ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai zaɓi biyu, ko in gyara, ko in ce na gani a ci gaba. Na ce na gani (na gani ɗin kuwa, kamar yadda mai babur yake ganin rami bayan ya faɗa).

Da muka zuba tsofaffin bayanai sai muka tarar sunaye da yawa sun fito sau biyu, don wasu manoman sun yi rajista a Wurno sun sake yi a Goronyo. Manhajar tana da maganin wannan ma. Tana iya haɗe bayanan da suka yi kama su zama ɗaya, ko dai ta riƙa nuna maka su bi da bi kana amincewa, ko ka ba ta izini ta haɗe duka a lokaci guda. Na dubi tsawon jerin, na dubi agogo, na ba ta izini. Kafin in kurɓi shayi ta gama. Na yi ta yabon kaina.

Akwai kuma wata ƙa'ida da shugaban ƙungiya ya ce in saka, saboda rigingimun gado da suka ishe su. In manomi ya rasu, a dakatar da ruwan filayensa har magada su zo su daidaita a rubuta sunan wanda zai ci gaba. Wannan ma layi ɗaya ne na gyara tsakanin akwatin Manomi da na Fili. Da an ce mutum ya rasu, filayensa su fita daga jadawali da kansu. Ya kamata in kai duk wannan wurin gwaji tukuna. Ban kai ba. Babban taron ƙungiya ya matso, ni kuma ina so in tsaya gaban dattawa in ce musu ai tuni na'ura ta fara raba ruwa. Na danna madannin, jadawali ya fito tsaf, aka buga aka rarraba wa masu tsaron ƙofofi. Makonni suka wuce ina jiran a yaba mini.

Ranar taro na iso da wuri cikin sabuwar shadda mai ruwan toka, na kafa majigi, na sa aka rufe tagogi don hoto ya fito sosai a bango. Ina cikin jan waya sai wani dattijo ya tare ni a bakin ƙofa. Siriri ne, farin gemu, da hula da ta sha rana, ƙafafunsa duk busasshiyar laka.

Ya ce, "Yaro, kai na Injiniyan?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Sannu da zuwa."

"Daga Kagara nit taho. Albasata na mutuwa, an hana min ruwa. Mai ƙohwa ya ce sunana bai cikin takarda. Na zo ohis ɗinku ban ishe ka ba."

(Bai iske ni ba kuwa, ina wurin tela ana gwada shaddar nan.)

Na ce, "Baba, kada ka damu, bayan taro za mu duba. Na'ura ba ta kuskure, wataƙila mai ƙofar ne bai duba da kyau ba." Don in rabu da shi cikin mutunci sai na kama hannunsa na kai shi sahun gaba, na zaunar da shi a kujerar da ke daidai gabana. Ko sunansa ban tambaya ba.

Zaure ya cika. Ga shugaba, ga dattawan garuruwa, ga wakilan manoma har daga Dinawa da Maikujera. Na fara jawabi, kuma wallahi ya yi kyau. Na nuna musu akwatuna da layuka, na ja wannan na matsar da wancan, layuka suna bin su kamar an ɗaure da zare. Na danna wata magudana, duk filayen da take shayarwa suka jeru. Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah!" Shugaba yana ta gyaɗa kai. Na gaya musu daga yau ba sauran son kai a rabon ruwa, ba wanda zai ce an zalunce shi, don na'ura ba ta da ɗan'uwa ba ta da suruki. Aka tafa. Tsohon nan na sahun gaba shi ma ya tafa a hankali.

Da na tsaya a nan, da yau wani labarin nake ba ka. Amma na tanadi abin da na ɗauka shi ne zai taɓa zukata. Na sa manhajar ta haɗa mini rahoton 'yan ƙungiya da suka rasu a shekarar, kowa da hotonsa da garinsa. Ban tsaya na buɗe hotunan na gani ba, sunayen kawai na tura cikin wayata don in karanta. Na sassauta murya na ce, "Jama'a, wannan na'ura ba masu rai kaɗai ta sani ba. Ba ta manta da iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya ba. Ina roƙo mu ɗaga hannu, zan ambace su ɗaya bayan ɗaya, mu yi musu Fatiha."

Zaure ya yi tsit, hannuwa suka tashi. Na ba bango baya, na sunkuyar da kai kan waya, na ƙanƙance ido irin na masu tsoron Allah. In kira suna, in danna, hoto ya fito a bayana, jama'a su ce amin. Na kira na farko, na kira na biyu, har na ji wani yana jan hanci a baya. Raina ya ce, yau ka gama da su.

Sai na ce, "Marigayi Malam Bello Umaru. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Na danna.

Amin ɗin ta taso da ƙarfi, sai ta karye a tsakiya. Murya ɗaya ce kawai ta kai ta ƙarshe, daga sahun gaba, ta wanda idonsa ke rufe. Bayan ita ba abin da nake ji sai kukan janareta a waje. Na ɗago. Ba wanda yake kallona. Rabin zauren bango yake kallo, rabi kuma kujerar da ke gabana. Na waiwaya.

Ga hoto nan ya fi ƙofa tsawo. Farin gemu, hular da ta sha rana, a ƙarƙashi an rubuta Kagara. Na juyo. Ga mai hoton nan zaune gabana, tafukansa a sama, bai san abin da ake ciki ba. Ya ɗauka wani takwaransa ne ake wa addu'a, shi ya sa ya ja amin ɗinsa har ƙarshe. Na kusa da shi ya taɓa shi da gwiwar hannu. Ya buɗe ido, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon fuskarsa a bango. Sannan ya sauke hannuwansa a hankali ya ɗora kan gwiwa.

Ya ce, "Yaro, yaushe nim mutu?"

Ba da faɗa ya yi tambayar ba, da ma da faɗa ne. Tambaya ya yi kamar mai son a sanar da shi. Zufa ta bi bayana har na ji shaddar ta manne.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe shi ya sa anka hana min ruwa. To, kuna da gaskiya. Matacce mi zai yi da ruwa?"

Wani ya fashe da dariya a baya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari.

Ina cikin wannan sai wani matashi ya miƙe daga tsakiyar zaure. Ya ce sunansa Lawali, daga Dinawa. "Babanmu shi na Bello Umaru da ya rasu. Tun da sahe munka taho don mu ji an ambace shi. Ina hotonshi? Ina kunka kai shi?"

Na koma kan kwamfuta, na nemi Bello Umaru na Dinawa. Babu. Duk zauren yana kallon bango yana ganin babu ɗin tare da ni. Manhajar ta yi daidai abin da na umarce ta. Ta ga suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ta haɗe mutum biyu. Ta ɗauki hoto da gari daga mai rai, ta ɗauki rasuwa daga mamaci. Na Kagara ya mutu, na Dinawa kuma ya zama bai taɓa zuwa duniya ba, filinsa ma ya koma ƙarƙashin sunan baƙon da iyalinsa ba su taɓa gani ba.

A nan ya kamata in ce na yi kuskure, a yafe mini. Wannan ita ce ƙofar ƙarshe da Allah ya buɗe mini ranar. Maimakon haka sai na ji bakina yana cewa, "Jama'a, wannan matsala daga masu tattara bayanai take. Abin da aka ba na'ura shi take fitarwa." Masu tattara bayanai kuwa kowa ya san Malam Nasiru ne da mutanensa. Na ga ya ɗago kai ya dube ni. Don in ƙarfafa maganata (har yau ban san wane aljani ne ya riƙe mini hannu ba) sai na ce, "Bari ma in nuna muku. Na'urar nan tana ajiye tarihin duk abin da aka yi." Na buɗe tarihin a bango, gaban kowa.

Da Turanci yake, kuma da na yi sauri da na rufe kafin a gane. Sai shugaba ya ce, "Malam Nasiru, karanta muna." Malam Nasiru ya miƙe, ya gyara tabarau, ya matso kusa da bango. Ya karanta yana fassarawa, ba ƙari ba ragi, da muryar da yake karanta sakamakon zama. An yi gargaɗi cewa mabuɗi zai iya maimaituwa, an yi watsi da gargaɗin. An ba da izinin haɗe bayanai ba tare da dubawa ba. An tsallake gwaji. A ƙarshen kowane layi akwai sunan wanda ya yi, sai ya karanta shi ma, cikakke, har da sunan mahaifina. Bai tsallake ko sau ɗaya ba. Da ya gama ya cire tabarau ya koma ya zauna.

Shugaba ya ce, "Injiniya, kashe abin ga." Na kashe. Aka buɗe tagogi, haske ya shigo, na so a ce an bar su a rufe. Ya ce a rufe taro da addu'a, sannan ya ƙara da cewa, "Amma wani shi ja muna."

Gyaran bai ɗauke ni komai ba, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da yammar ranar na koma ofis, na buɗe tarihin nan da ya tona ni, na zaɓi yadda tsarin yake kafin haɗewar, na danna. Bello biyu suka dawo, kowa da hotonsa da garinsa. Na ba kowane manomi lamba, kamar buhun taki. Na bi sauran waɗanda aka haɗe bi da bi, na tarar da wasu Bellon da wasu Muhammadun da na cusa cikin riga ɗaya, Allah ya taimake ni su dai duk suna raye. Na ba Malam Nasiru haƙuri. Ya ce, "Ba komai, Injiniya," kuma tun daga ranar kalmar Injiniya a bakinsa ta canza ɗanɗano. Na je Dinawa na ba su Lawali haƙuri, suka karɓa a tsaye a ƙofar gida.

Kagara ce na yi ta ɗagawa, har mahaifiyata ta ce in ban je ba kada in ƙara cin tuwonta. Na iske Baba Bello zaune a ƙofar gida. Ashe labari ya riga ni. Wani ya ɗauki hoton bangon nan da waya a lokacin Fatiha, ya tura, aka yi ta turawa ba bayani. Ya isa ga ɗiyarsa Ige, wadda ke aure a Maikujera. Ta hau babur da goyo a baya, ta yi kuka tun daga can har Kagara, ta shigo gida da salati, ta iske ubanta yana alwala. An ce zubewa ta yi a tsakar gida, sai da aka yayyafa mata ruwa.

Shi ya ba ni wannan labarin da bakinsa, yana ɗan murmushi. Ya sa aka kawo mini fura. Na ce na ƙoshi, ya ce, "Sha, yaro, ka yi tahiya." Na sha, kowace kurɓa kamar ƙasa. Sannan ya ce in taso mu je in ga filin, tunda na zo.

An sako ruwa, yana gudu a magudana gwanin sha'awa, yana shiga fangali bayan fangali. Sai dai ba abin da zai shayar. Dashen albasar ya kwanta, ganye ya koma kamar tsintsiya, in ka taɓa sai ya murmushe a hannu. Hagu da dama filayen maƙwabta kore shar, nasa a tsakiya kamar tabo. Na ce zan nemo iri a sake dasawa. Ya girgiza kai ya ce lokaci ya wuce, ko an dasa zafi zai riske ta. "Bana dai an yi hasara. Allah shi kai mu baɗi." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na tsaya a bakin fangali ina tunanin madannin nan na komawa baya, yadda na yi ta alfahari da shi. A ranin nan 'ya'yansa ƙwadago suka yi a filayen wasu.

A hanyarmu ta dawowa wasu masu wucewa suka ɗaga murya, "Marigayi, ina wuni?" Ya ɗaga musu hannu ya ce, "Lahiya lau." Sunan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma bai taɓa ƙin amsawa ba. Ni ma na samu nawa. Daga Wurno har tashar Goronyo ba mai ce mini Injiniya sai Malam Nasiru. Mai Fatiha ake kirana.

Ba a kore ni ba. Shugaba ya ce wanda ya ɓata shi ya san inda ya ɓata, in zauna in gyara. Na kan je Kagara lokaci lokaci, in gaishe da Baba, mu zauna ba wata doguwar hira. Bai taɓa tayar da maganar ba.

Bayan 'yan shekaru, wata safiya aka kira ni aka ce Baba Bello ya rasu. Na tambaya sau da yawa ko an tabbata, har mai kiran ya ce, "Ni na wanke shi." Na je gaisuwa na zauna a gefen tabarma, can ƙarshe, inda nake fatan ba za a lura da ni ba. A nan na ji abin da har yau yake hana ni sakewa. Da aka kira Ige aka sanar da ita, cewa ta yi, "Ku dai duba da kyau, an taɓa yi muna haka." Ta ƙi tasowa sai ta ji daga bakin yayanta, shi kuma yana wurin haƙar kabari, waya tana gida. Kafin ta iso an kai shi. Ba ta ga fuskar ubanta ba.

Ba wanda ya dube ni da aka faɗi haka. Sun yi mini kara, kowa ya kafa ido a tabarma. Na gwammace a ce sun dube ni.

Washegari na shiga ofis na buɗe bayanansa, ga lambarsa, ga hoton nan dai. Na je wurin da ake sauya yana raye zuwa ya rasu. Manhajar ta tambaye ni, kamar yadda take tambayar kowa, ko na tabbata. Na daɗe zaune ina kallon tambayar kafin in amsa.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma wasu ne suka biya mini kuɗin makarantar da albasarsu da hawayensu. Yanzu ba na rubuta wa kowa rasuwa sai na je garinsu, na zauna a tabarmar makoki, na ji daga bakin wanda ya sa shi a kabari. Abokan aiki suna cewa wahalar da babur kawai nake yi, na ce su bar ni. In kuma ana taro aka ce wa zai ja mana addu'a, za ka ga wani mai gemu ya miƙe a hankali ya nufi ƙofa da buta a hannu. Ni ne. Alwalata ba ta taɓa kaiwa wannan lokacin ba.